Idan Baƙo Ya Faɗi A Tsakiyar Jama'a

A darasin kiwon lafiya an koya mana yadda jini ya ke zagaya jiki, mun zana zuciya a allo da ɗakunanta huɗu, har mun ci jarrabawa a kai. Amma akwai tambaya guda wadda jarrabawa ba ta yi mana ba. In muna tsaye a tashar mota, wani mutum wanda ba mu taɓa gani ba ya yanke jiki ya faɗi gabanmu, me za mu yi? Wanda ya taɓa ganin irin wannan ya san yadda a kan yi. Nan da nan mutane su kewaye shi, su yi cirko-cirko. Wannan ya ce maye ne, wancan ya ce iska ce, wani ya ce a kawo ruwa, shi kuwa bai je ɗebowa ba. Ga mutum hamsin, ba wanda ya durƙusa.

Kada mu yi gaggawar cewa mugunta ce, gama masana sun bincika al'amarin. Asalin binciken kuwa wani kisa ne da aka yi a birnin Niyu Yok na Amurka cikin Maris na 1964. An soke wata mace mai suna Kitty Genovese da wuƙa kusa da gidanta da dare, jarida ta buga cewa maƙwabta 38 sun gani, ba wanda ya motsa. Daga baya an gano an yi wa labarin gishiri. Waɗanda suka gani da idonsu kaɗan ne, an kira 'yan sanda, wata maƙwabciyarta ma ta fito ta rungume ta. Duk da haka labarin ya sa malamai biyu, John Darley da Bibb Latané, suka shirya gwaji, suka buga sakamakonsa a 1968. Sukan sa ɗalibi shi kaɗai a ɗaki yana zance da waɗansu ta na'ura, can sai ya ji ɗayansu ya kama kakari kamar farfaɗiya ta buge shi, alhali kuwa murya ce da aka riga aka ɗauka. Waɗanda suka zaci su kaɗai ke jinsa, 85 cikin 100 suka fito neman taimako tun kakarin bai ƙare ba. Waɗanda suka zaci akwai mutum huɗu da ke ji tare da su, 31 kaɗai cikin 100.

Ashe ba kullum ba ne hannu da yawa ke maganin ƙazamar miya. In kana kai kaɗai, nauyin duka a wuyanka ya ke. In kun kai hamsin sai ya rabu gida hamsin, har kowa ya ji nasa kashin bai kai ya ɗaga ƙafa dominsa ba. Bayan wannan kowa yana satar kallon fuskar na kusa da shi, ya ga bai firgita ba, ya ce a ransa watakila abin bai yi tsanani ba, bai sani ba shi ma fuskarsa a ke karantawa. Ga kuma zato. A wani gwaji da aka buga a 1969, an sa mutum ya riƙa faɗuwa da gangan cikin jirgin ƙasa na birnin nan. Sa'ad da ya ke riƙe da sanda kamar mara lafiya, an taimake shi sau 62 cikin 65. Sa'ad da ya ke warin giya, sau 19 cikin 38. Wannan abin tsoro ne, domin mai ciwon sukari in sukarinsa ya faɗi ya kan yi tangaɗi da sambatu tamkar mashayi. Amma gwajin ya nuna wani abu mai daɗin ji, watau da zarar mutum ɗaya ya tashi, galibi sai waɗansu su bi shi.

A ƙasarmu akwai ƙarin abin da ke riƙe ƙafa. Wani yana tsoron in mutumin ya cika a hannunsa shi za a kama, ko asibiti su ƙi karɓa. Ba mu ce tsoron nan ba shi da tushe ba, amma ya kamata mu sani Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ko ma'aikacin lafiya a Nijeriya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa ko wane dalili. Wani kuma yawun mai farfaɗiya ya ke gudu, wai a kan ɗauka. Ba a ɗauka, ko kaɗan.

To, me za mu yi? Mu fara duba wurin, kada mota ko wayar lantarki ta haɗa da mu. Sa'an nan mu durƙusa, mu girgiza kafaɗarsa, mu ce da ƙarfi, "Malam, kana jina?" In bai amsa ba, kada mu ce, "Jama'a, a taimaka!" gama jama'a ba sunan kowa ba ne. Mu nuna mutum ɗaya da yatsa, mu ce, "Kai mai farar hula, kira 112, ka dawo ka gaya mini abin da suka ce. Baba mai shayi, don Allah samo mana mota." Wanda aka nuna da yatsa da wuya ya iya ɓuya cikin taro.

Kana mu kwantar da shi rigingine, mu danna goshi baya, mu ɗaga haɓa, mu zuba wa ƙirjinsa ido kamar daƙiƙa 10. In yana numfashi sosai, mu juya shi kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi, mu sa a ja da baya ya sha iska. Kada a ɗura masa ruwa ko madara yana sume, huhu za su tafi. In farfaɗiya ce, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa tsumma ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki. Mutum ba ya haɗiye harshensa, cokali kuwa ya kan karya haƙori. In jijjigar ta wuce minti 5, sai asibiti.

In kuwa ba ya numfashi, ko yana jan wani irin minshari jefi-jefi kamar mai shaƙuwa, mu ɗauka zuciya ta tsaya. Nan ne minti ya ke da tsada, domin ƙwaƙwalwa ta kan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba jini, motar asibiti kuwa da wuya ta iso cikin haka. Mu aza dunduniyar tafin hannu tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a bisa, gwiwar hannu a miƙe, mu danna ya nutsa santimita 5 zuwa 6, watau kamar inci 2, sau 100 zuwa 120 a minti, muna barin ƙirjin ya dawo bayan ko wace dannawa. Wanda aka koya wa hura numfashi ya yi dannawa 30, huri 2. Wanda ba a koya wa ba ya yi ta dannawa kawai. In mace ce, a danna ta bisa rigarta, kada kunya ta ci ranta.

Wani zai ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ba a nan ba. Haƙarƙari ya kan tsage wajen dannawa, amma yana warkewa, wanda zuciyarsa ta tsaya kuwa ba abin da za mu yi masa da ya fi ƙyale shi muni. Aikin yana da gajiyarwa ƙwarai, bayan minti 2 hannu ya kan fara sanyi ba tare da mai shi ya sani ba. Saboda haka tun muna dannawa mu nuna wani cikin 'yan kallo, mu ce ya durƙusa daura da mu ya ga yadda a ke yi, in mun ƙirga mu miƙa masa. Haka za a yi ta karɓa-karɓa, har mutumin ya motsa ko ma'aikatan lafiya su karɓe shi.