Fitilar Rana da Fitila Mai Kunna Kanta

A kan hanyar Gusau zuwa Ƙauran Namoda za ka ga mota da rana tsaka, fitilunta na gaba a kunne. Sai wani ya ɗaga wa direba hannu: "Malam, ka manta fitila!" Sau da yawa ba mantuwa ba ce. Haka aka ƙera motar.

Waɗannan fitilu sunansu fitilun rana. Da an tayar da inji suke kamawa, a wasu motocin kuma sai an sauke burkin hannu. Amfaninsu shi ne mai tahowa ya hango ka tun daga nesa, kafin ya ce zai wuce babbar motar da ke gabansa. Ƙasar Suwidin ta wajabta tuƙi da fitila da rana a 1977. Tarayyar Turai ta sa dokar fitilun rana a kan sababbin samfurin motoci a 2011. Motocin hannu da muke saye, da yawansu daga Turai suke zuwa. Kada ka ba mai wayarin kuɗi ya yanke wayar don gudun mutuwar batir. Muddin inji yana aiki, batir caji yake yi.

Fitila mai kunna kanta daban ce. Dubi makunnin fitila, galibi kusa da sitiyari. Idan akwai haruffa huɗu, AUTO, to motarka tana da ita. A motoci da yawa, a saman dashbod, dab da gilashin gaba, akwai ɗan abu mai kama da maɓallin riga. Shi ne idon da ke auna haske. In duhu ya fara, sai ya kunna fitilun gaba da na baya, in gari ya waye ya kashe. Direbobinmu suna son shimfiɗa kafet a dashbod saboda zafin rana. In kafet ya rufe idon nan, mota za ta ɗauka kullum dare ne. A huda masa ƙofa.

Amma idon nan haske kawai ya sani, bai san ƙura ba. Lokacin hunturu, hazo yakan lulluɓe hanyar Shinkafi ko ta Zurmi har ba ka ganin nesa, alhali sama da sauran haske. A nan ba lallai ya kunna komai ba. Ga kuma babban haɗarin: a motoci da yawa fitilun rana na gaba ne kaɗai, baya duhu. Direba ya ga allon mita yana haske, ya ga ɗan haske a gaba, sai ya zaci komai a kunne yake. Mai binsa kuwa ba ya ganin danja sai ya zo dab. Saboda haka in hazo ya yi kauri, ko ana ruwa, ko almuru ta yi, murɗa makunnin da hannunka zuwa alamar babbar fitila. Yau da dare ka tayar da motarka, ka sa wani ya tsaya a baya ya gaya maka ko jajayen fitilun sun kama.