Sallama Daga Asibiti Ba Ita Ce Waraka Ba

Mu da muke jinyar masu munanan raunuka a yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, harbin bindiga ne, sara ne ko haɗarin babur, rajistarmu abu uku ta sani: an sallama, an tura gaba, ya rasu. Wanda aka tura Katsina, Shika ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da wuya labarinsa ya dawo mana. Wanda ya koma ƙauye kuwa, a takarda ya warke, ko da ƙafar ta sandare, ciwon ya koma ruwa, ko kuɗin mota ya hana shi dawowa wankin ciwo har ya ƙare a hannun mai ɗori. Wannan ilimi yana bakin majinyaci da mai jinyarsa, kuma sai an tambaya ake samunsa. Tun 2017 dokar Najeriya ta wajabta wa asibiti ya duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar ’yan sanda ba, amma wa zai gaya mana ko tsoron takardar ne ya sa aka kwana da mutum a gida yana zubar da jini, in ba danginsa ba?

Wasu abokan aiki kan ce majinyaci bai san likitanci ba. Gaskiya ne, ba shi zai zaɓi maganin ba, sai dai shi kaɗai ya san ko yana iya sujada, ko yana riƙe fartanya, ko barci yana ɗaukarsa tun daren harin. Wasu kuma su ce tambayar ɓata lokaci ce, tunda mutanenmu "da sauƙi" za su ce saboda kunya da tawakkali. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, amma laifin tambayar ne. "Yaya jiki?" gaisuwa ce. A tambayi mace, ta bakin mace ’yar’uwarta, ko tana iya daka ko goyo, za a ji abin da ya rage a kafaɗarta.

Akwatin ƙorafi ba ya amfanar wanda ba ya rubutun boko. Kiran waya bayan mako biyu da bayan wata uku ya fi shi, kuma wanda zai kira kada ya zama shi ne ya yi jinyar, don mutum ya saki jiki. Inda layi ba ya zuwa, ma’aikacin lafiya na ƙaramin asibitin mazaɓa ya tambaya. Amsoshin kuma a karanta su a taron ma’aikata na wata, a fitar da gyara ɗaya da sunan wanda zai aiwatar.