Mai jiri, kafin ka hau lilon Magicland

In mota kan tayar maka da zuciya, kada hakan ya hana ka raka yara Magicland, tsohon Wonderland, kusa da ƙofar shiga Abuja. Jiri yakan zo idan ido da cikin kunne suka saɓa kan motsi, shi ya sa lilo mai juyi kamar katantanwa ya fi wahalarwa. Bar wa yara wannan.

Ci abu kaɗan marar maiƙo, tauna citta, ka bari sai la'asar. In ka hau wani lilon, ajiye waya, kafe ido can nesa. Da ka ji yawu na taruwa, gumi mai sanyi ya keto, nemi inuwa ka zauna. Maganin jiri yakan sa barci. In ka sha, ba wani tuƙin gida.