Ƙirƙirarriyar basira a makarantunmu

Tun da manhajar ChatGPT ta fito a watan Nuwamba na 2022, ɗalibai da yawa suka soma yi wa waya tambaya maimakon malami. A 2024 kuma aka sa Meta AI a cikin WhatsApp a Nijeriya. Saboda haka duk yaron da ke taɓa wayar yayansa a Argungu yana iya samun amsa nan take. Ya kamata mu iyaye da malamai mu san yadda abin yake.

Yadda take aiki

Ita wannan manhaja an horar da ita ne da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa. Idan aka yi mata tambaya, sai ta jera kalmomin da suka fi dacewa da juna. Ba ta san gaskiya da ƙarya ba kamar yadda mutum ya sani.

Amfaninta

• Ɗalibi zai iya neman a sake yi masa bayanin darasi sau goma, ba ta gajiya.
• Malami mai aji cike da yara zai iya shirya tambayoyin gwaji da sauri.
• A 2024 an gwada ta a wasu sakandare na jihar Edo tare da Bankin Duniya, na mako shida bayan an tashi makaranta. Ɗaliban sun ci gaba a Turanci. Mu lura, malamai suna tare da su a kowane zama.

Haɗarinta

• Takan ƙago amsa ta faɗe ta kamar gaskiya, musamman a kan tarihinmu da kuma da Hausa, domin abin da aka rubuta a intanet game da mu kaɗan ne.
• Yaron da ya saba kwafe aikin gida zai shiga jarrabawar JAMB da kai babu komai.
• Yaran ƙauyukan fadama da ba su da waya, ko kuɗin data, ko wutar caji, za a ƙara barin su a baya.
• Hukumar UNESCO ta ba da shawara a 2023 cewa kada yaro ya yi amfani da ita a aji sai ya kai shekara 13.

Mu gwada a aji

Mu tambayi manhajar tarihin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934. Ɗalibai su rubuta amsar. Sa'an nan su je gidan tarihi na Kanta, su kuma tambayi dattawan masunta na Matan Fada. Su dawo su ware abin da ya yi daidai da wanda ya kauce.

Tambayoyin tattaunawa

• Wane aikin gida ne yaro ba zai iya kwafowa daga waya ba?
• Yaya za mu taimaki ɗaliban da ba su da waya?
• Wace doka ce ƙungiyar iyaye da malamai za ta kafa a makarantarmu kafin zango mai zuwa?