Me Ya Sa Injin Tarbin Na Gas Ke Rage Wuta A Lokacin Zafi?

A watan Afrilu, lokacin da fanka da firji ke aiki ba hutu, lokacin ne kuma injinan da ke samar da wutar suke yin sanyin jiki. Mafi yawan lantarkin Najeriya daga iskar gas yake fitowa, kuma tashoshi irin su Geregu a jihar Kogi, Afam a Ribas da Azura a Edo duk da injin tarbin suke aiki. Matsalolin wuta suna da yawa, daga ƙarancin gas zuwa tsofaffin layuka, amma akwai guda ɗaya da ba a cika magana a kanta ba, wato zafin iskar da injin ke shaƙa.

Injin tarbin ɗan'uwan injin jirgin sama ne, kuma sassa uku ne ke riƙe da shi. Kwamfuresa tana zuƙo iska ta matse ta. Iskar ta shiga ɗakin ƙonewa ta haɗu da gas, wuta ta kama, zafi ya haura digiri 1,000. Daga nan ta fito da ƙarfi ta juya fukafukan tarbin, su kuma su juya janareta. Sai dai ita kwamfuresar a jikin sandar tarbin take, kuma tana cinye kusan rabin ƙarfin da tarbin ya samar, wani lokaci ma fiye. Abin da ya saura ne ke zama lantarki.

Adadin megawat da kamfani ke rubutawa a jikin injin, an auna shi ne a ma'aunin ISO: zafin digiri 15, laimar iska kashi 60 cikin 100, a daidai tsayin teku. Digiri 15 kuwa a Kano sai da asubar hunturu.

Idan zafi ya kai digiri 40, abu biyu ke faruwa a tare. Iska tana buɗewa ta yi sako-sako. Mita kubik ɗaya ta iska tana da nauyin kilo 1.225 a digiri 15, amma a digiri 40 ba ta wuce kilo 1.13 ba. Kwamfuresa kuwa da mudu take awo, ba da sikeli ba: faɗin iskar da take ɗiba kusan ɗaya ne kullum, don haka nauyin abin da ya shiga ya ragu da kusan kashi 8. Abu na biyu, iska mai zafi ta fi wuyar matsewa. Aikin matse kowane kilo yana tafiya ne da zafin iskar a ma'aunin Kelbin, inda digiri 15 yake 288, digiri 40 kuma 313, ƙarin kusan kashi 9 ke nan. Ga kaya sun ragu, ga kuɗin dako ya ƙaru. Shi ya sa injiniyoyi ke ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya sama da 15 yana rage ƙarfin injin da kashi 0.5 zuwa 0.9. Injin megawat 100 zai iya komawa 80 da 'yan kai da rana tsaka.

Wannan lissafin ya faɗi yawan asarar, amma bai nuna inda take aukuwa ba. A nan ne eksaji ke shigowa, kalmar da injiniya Zoran Rant ɗan Sulobeniya ya ƙirƙira a 1956. Eksaji shi ne ɓangaren makamashi da za a iya mayarwa aiki, idan aka kwatanta da yanayin da ke kewaye. Batirin waya misali ne mai kyau. Cajin da ke cikinsa kusan duka eksaji ne. Bayan awa uku ana kallon bidiyo, makamashin bai ɓace ba, ya koma ɗumi a tafin hannu da cikin ɗaki, amma babu wanda zai iya tattara ɗumin nan ya sake cajin wayar. Makamashi yana nan, eksaji ya lalace.

Idan aka bi injin tarbin sashe-sashe da wannan awo, sakamakon kan ba mutum mamaki. A lissafin makamashi zalla, ɗakin ƙonewa kamar ba ya asarar komai, domin kusan duk zafin gas yana shiga cikin iskar. A lissafin eksaji kuwa shi ne babban maɓarnaci, ya fi kwamfuresa da tarbin nesa ba kusa ba, saboda ƙonewa abu ne da ba ya komawa baya. Sannan ƙa'idar Gouy da Stodola ta nuna cewa eksajin da ke lalacewa yana ƙaruwa da zafin muhalli. Injin ɗaya, gas ɗaya, amma ɓarnarsa a Maiduguri cikin bazara ta fi ta ƙasa mai sanyi.

Ɗakin ƙonewa ba a iya yi masa gyara sosai bayan an ƙera shi, don haka dabara ta koma bakin shiga da bakin fita. A bakin shiga ana sanyaya iskar, ko dai da feshin ruwa mai laushi kamar hazo, ko a bi da ita ta cikin jiƙaƙƙen abu, irin yadda randa ke sanyaya ruwa. Wannan ya fi aiki a busasshiyar iska, shi ya sa ya dace da Arewa fiye da yankin Neja Delta mai laima, kodayake yana bukatar tsabtataccen ruwa mai yawa, ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. A bakin fita, hayaƙin yana fitowa da zafin digiri 500 zuwa 600, cike da eksaji. Idan aka tafasa ruwa da shi aka juya tarbin na tururi, ingancin tashar kan tashi daga kashi 35 ko 40 zuwa kusan 60.

Maganar ta shafi Arewa kai tsaye. An buɗe tashar gas mai megawat 50 a Maiduguri a 2023, kuma bututun AKK mai tsawon kilomita 614 an tsara shi ne ya kawo gas daga Ajaokuta zuwa Abuja, Kaduna da Kano. Duk tashar da za a gina a wannan layi, adadin da ya kamata a tambaya shi ne nawa za ta bayar da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, da kuma ko an sa mata na'urar sanyaya iska tun a zane.