Ba Kowane Ciwon Ƙahon Zuci Ne Olsa Ba

A Birnin Kudu ko Gwaram, da mutum ya dafe ƙahon zuci sai ka ji an ce “olsa ce”, a aika yaro kyamis. Amma akwai ciwon da ke zama a daidai wurin nan, kuma yana kisa: kumburin fankiriyas na farat ɗaya.

Fankiriyas gaɓa ce mai tsawon kimanin santimita 15, kwance a bayan tumbi. Ita ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Idan ruwan nan ya fara aiki tun bai fita zuwa hanji ba, sai ya shiga cin gaɓar kanta. Manyan musabbabai biyu su ne tsakuwar matsarmama da giya. Kada wani ya ce ai mu ba ma sha: masu sikila kan yi tsakuwar matsarmama tun suna matasa, kuma bugun kan babur a ciki lokacin haɗari ko ciwon hangum na iya tayar da shi.

Ciwon kan zo da ƙarfi, ya huda zuwa baya, ga amai. Kwanciya rigingine na ƙara shi, mai ciwon kan fi son ya zauna ya duƙa gaba. A asibiti ana auna sinadarin lifes ko amiles a jini. In ya ninka iyakarsa sau 3, zargi ya yi ƙarfi.

Ɗaliban kiwon lafiya na son haddace alamomi biyu: kwanciyar jini shuɗi-shuɗi a kewayen cibiya, wato alamar Cullen, da irinta a kwiɓi, alamar Grey Turner. To, a haddace don jarrabawa. Amma kaɗan ne ke nuna su, sai bayan kwana ɗaya zuwa biyu suke fitowa, kuma a baƙar fata ganinsu da wuya. Wanda ya jira su ya makara.

Abin da ke nuna tsanani shi ne gazawar sauran gaɓoɓi: fitsari ya ragu, numfashi ya yi sama-sama, jini ya sauka. Rabe-raben Atlanta na 2012 ya ce in gazawar ta wuce awa 48, ciwon mai tsanani ne. Kusan kashi 80 cikin 100 kan warke cikin mako da ƙarin ruwa da maganin raɗaɗi. Sauran kuwa sai kulawa ta musamman, don haka ko daga ƙauyukan Gwaram ne, a nemi mota a nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu a ranar, ba gobe ba.