Asali da Ma'anar Kalmar "Sklep" a Harsunan Silabik

A harshen Rashanci, kalmar sklep na nufin ginannen ɗaki, galibi a ƙarƙashin ƙasa ko a ƙasan coci, inda ake ajiye akwatunan gawa. A harshen Folanci kuwa, wannan kalma ita ce kanti, inda ake sayen burodi da madara. Mutanen Cek sun san ta da ma'anar ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida, a harshen Silobeniya kuma tana nufin gaɓar jiki, ko shawarar da aka yanke. Mai nazari na iya zaton haɗuwar sauti ce kawai, alhali tushensu ɗaya.

Saiwar kalmar ita ce klep-, wadda ake samu a aikatau klepać na Folanci, wato bugawa da guduma. Da aka liƙa mata ɗafa-goshin s-, mai ma'anar "tare", sai ta ba da ma'anar abin da aka haɗa ya kama juna. Silobeniyanci ya fi kusa da wannan ma'ana ta farko, domin gaɓa mahaɗa ce. Daga nan magina suka ɗauke ta suka ba lanƙwasasshen rufin dutse ko bulo, mai kama da ɗaurin guga a ginin Hausawa. Har yau Folanci na kiran irin wannan rufi sklepienie.

Sauran ma'anonin duk daga rufin suka ɓullo. Sunansa ya koma kan ɗakin da ke ƙarƙashinsa, sannan kan abin da ake yi da ɗakin. 'Yan kasuwar Folan sun riƙa ajiye haja a irin waɗannan ɗakuna suna ciniki a ciki, shi ya sa kanti ya gaji sunan. Rashanci, kamar yadda Max Vasmer ya nuna a ƙamusunsa na asalin kalmomin Rashanci (1950–1958), aro ya yi daga Folanci, sai dai ya ƙuntata ma'anar ta tsaya ga makwancin matattu.

Ke nan babu mutuwa a saiwar kalmar ko kaɗan. Gini ne ya kai ta kushewa. A ganina, wannan ya dace a kwatanta shi da hubbare, wadda masana ke danganta ta da ƙubba ta Larabci ta hanyar Fulatanci. Mai cewa Hubbaren Shehu a Sakkwato kabari yake nufi, ba kasafai siffar rufi ke zuwa masa a rai ba.